Ɗan Kwikwiyo da Hannun Yaro: Tarihin Kare da Ciwon Hauka a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da wuya ka ji magidanci ya tashi takanas ya tafi kasuwa sayen ɗan kwikwiyo. Yawanci yaro ne ke kawo shi. Karyar maƙwabta ta haihu a ƙarƙashin rumbu ko a kangon bayan gari, yara sun yi ta leƙe har idanun 'ya'yan suka buɗe, wata rana sai a ga ɗaya a gida da igiya a wuya. Yaron ne zai jiƙa masa ƙanzo, shi zai raɗa masa suna, shi kuma zai riƙa cusa masa yatsa a baki don ya ji ko haƙora sun fito. Manya kan ɗauki abin wasan yara, sai ranar da karen ya girma ya fara haushi da dare, sannan ya zama na gida. Saboda haka hannun da ya fi kusa da bakin kare a ƙasar nan hannun yaro ne. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka suka nuna: ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu daga kare suka ɗauka, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yadda aka yi dabbar da yaranmu suka fi runguma ta zama ita ce ba ta da likita, labari ne mai tsawo.

Kare tsohon ma'aikaci ne a kudancin Katsina. Ƙasa ce mai ruwan sama fiye da arewacin jihar, mai masara da dawa da auduga, kuma daji na kewaye da ita ta yamma da kudu, daga iyakar Zamfara har zuwa dazuzzukan Birnin Gwari da ke maƙwabtaka da Sabuwa. Inda gona ta haɗa iyaka da daji, kare ba ya rasa aiki. Shi ke korar birai daga masara idan ta fara kosawa. Shi ke kwana a bakin garke a rugar Fulani saboda kura da ɓarawo. A gidajen Maguzawa da ke warwatse cikin gonaki a tsakanin Malumfashi da Ƙanƙara, inda babu ganuwa balle ƙofar gari, haushinsa ne sallamar baƙo. Idan kuwa aka gama girbi ciyawa ta bushe, mafarauta su fita da karnukansu neman zomo da gafiya da gada, a nan ne kare ke samun darajar da ba ya samu a cikin gari. Mafarauci ya san karensa ciki da waje, ya san wanda ke bin sawu da wanda ke kamu, kuma daga bakin irinsu ne muka gaji cewa karen bana shi ke maganin zomon bana.

Duk da haka harshen da ya yabi karen bana shi ne ya mayar da sunan kare zagi. Wannan raba-zuciya na da tushe a karatun zaure. Risalar Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, littafi ne da kusan duk almajirin fiƙihu a ƙasar Hausa ya ratsa, kuma a cikinta an hana ajiye kare a gida sai don gona ko dabbobi ko farautar neman abinci. An hana cinikinsa, amma an ɗora wa wanda ya kashe karen da aka halatta ajiyewa biyan ƙimarsa. A ganina wannan na cikin dalilan da suka sa kwikwiyo ya zama abin kyauta da tsintuwa, abin da ke wucewa daga hannun yaro zuwa hannun yaro ba tare da wani babba ya tambayi asalinsa ba. Mazhabar Malikiyya kuwa ba ta ɗauki jikin kare mai rai ko yawunsa najasa ba. Wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai ibada ce ta bin umarni. Malamai sun kuma ruwaito cewa shi kansa mai Risala, da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, ya ajiye kare, da aka tuna masa ra'ayin Imam Malik sai ya amsa cewa da Malik ya riski wannan zamani da zaki ma zai ajiye. Mutumin Faskari na yau ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan amsa. Akwai kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ke nan addini bai hana tausaya wa kare ba. Al'ada ce ta tsayar da shi a bakin ƙofa, a ba shi ragowar tuwo, idan ya yi ciwo kuwa a zuba masa ido, ya warke ko ya mutu.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato suka shiga Katsina a 1903, sun tarar da ƙasar da annobar bushiya ta kwashe wa shanu a farkon shekarun 1890. Saniya ce ke kawo jangali da fata, don haka kanta aka gina aikin likitancin dabbobi. An fara shi a Zariya gab da yaƙin duniya na ɗaya, sannan a 1924 aka mayar da shi Vom, kusa da Jos, inda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa take har yau. Malamin dabbobi na En'e da kakanninmu suka sani mutumin shanu ne da dawaki. Ko babban gangamin yaƙi da bushiya da aka fara a 1962 a Najeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, wanda ya shiga ruga-ruga da allura, karen da ke kwance a bakin garken bai shiga lissafinsa ba. Bushiya dai ta tafi, a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Haukan kare yana nan.

Hukuma ba ta jahilci ciwon ba. Rubuce-rubucen likitoci sun nuna an fara rubuta shi a jikin mutum a Najeriya a 1912, a jikin kare kuma a 1925. Sai dai maganin da mulkin mallaka ya sani shi ne lasisi da takunkumi da kashe karnukan da ke yawo, kuma a birane ya fi yin haka, inda Turawa ke zaune da nasu karnukan. Masanin tarihi Saheed Aderinto ya bi diddigin wannan a littafinsa na 2022 kan dabbobi a Najeriyar mulkin mallaka. Karen ƙauye bai san hukuma ba sai ranar da ta zo kashe shi. Ko da Vom ta fara yin allurar rigakafin hauka ta karnuka a shekarun 1950, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitancin dabbobi a Zariya a shekarun 1960, tunanin cewa kare ma abin kaiwa asibiti ne bai bi hanyar Funtuwa ya shiga ƙauyuka ba. Har yanzu akwai wanda zai yi dariya idan ya ga mutum ya goyo kwikwiyo a babur zuwa wurin malamin dabbobi.

Ciwon kansa ya girmi duk waɗannan hukumomi. Kusan shekara 4,000 da suka wuce, dokokin birnin Eshnunna a ƙasar Iraƙi ta yau sun yanka tarar azurfa ga mai karen da aka gargaɗe shi cewa karensa ya haukace, ya ƙi tsare shi, har ya ciji mutum ya mutu. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bayyana alamominsa a littafinsa Alƙanun, har da tsoron ruwa. Amma babu wanda ya iya tare shi sai a ranar 6 ga Yuli, 1885, lokacin da aka kai wa Louis Pasteur a birnin Paris wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yi wa kaca-kaca kwana biyu kafin nan. An yi masa allura 13 na ƙwayar cutar da aka raunana ta hanyar busar da lakar zomaye, ya rayu, ya tsufa. Abin lura shi ne majinyacin farko na wannan allura yaro ne, sa'ar yaran da ke wasa da kwikwiyo a 'Yankara ko Daudawa.

Abin da ya sa allura ke aiki bayan an riga an yi cizo shi ne yadda cutar ke tafiya. Ƙwayar bairos ce da ke cikin yawun dabba. Idan ta shiga ta rauni, ba ta bin jini. Jijiyoyin saƙo take bi a hankali tana nufar ƙwaƙwalwa. Tafiyar kan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Allura tsere take yi da ita, ta tayar da garkuwar jiki kafin ta isa. Cizon fuska da kai da wuya da yatsu ya fi haɗari, domin hanyar gajera ce ko jijiyoyin wurin na da yawa, kuma yaro gajere ne, fuskarsa na daidai bakin kare. Idan cutar ta isa ƙwaƙwalwa alamomi suka bayyana, zazzaɓi da firgita da kasa haɗiyar ruwa, to kusan babu mai tashi, ko a asibitin Faransa ne.

Wannan jinkiri na cutar shi ne ya daɗe yana yaudarar mutane. Tun zamanin Rumawa ake ɗora gashin karen da ya yi cizo a kan rauni, kuma ire-iren wannan magani na nan a ƙasashe da dama, har da tamu. Suna samun suna ne saboda yawancin karnukan da ke cizo ba mahaukata ba ne, kuma ko mahaukacin ba duk wanda ya ciza ke kamuwa ba. Mutum tara su sha jiƙo su zauna lafiya, mai magani ya sami shaida tara. Na goman kuwa sai bayan wata biyu zai kwanta, lokacin raunin ya warke, kowa ya manta da ɗan kwikwiyon da ya yage shi a yatsa. Sai a ce iskoki ne, ko sammu, ko zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai. Likitoci ma kan ruɗe: wani bincike da aka buga a 2007 daga asibitin Blantyre a Malawi ya gano cewa wasu yaran da aka ɗauka maleriyar ƙwaƙwalwa ce ta kashe su, ashe haukan kare ne. Mutuwar da ba a san sunanta ba kuwa ba ta shiga littafin hukuma, abin da bai shiga littafi ba kuma ba a yi masa kasafi.

To, mu koma ga kwikwiyon da ke ɗaure a gindin rumbu, domin a watanninsa uku na farko ake yanke hukuncin irin karen da zai zama, da irin haɗarin da zai kawo gida ko ya kore.

Karya na ɗaukar ciki kimanin kwana 63. 'Ya'yan na zuwa ba gani ba ji, sai bayan kwana 10 zuwa 14 idanu ke buɗewa. Dakashin da suka tsotsa a yinin farko shi ne garkuwarsu ta makonnin farko, kamar dai jaririn mutum. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗauke kwikwiyo da zarar ya fara tafiya, don kada wani yaro ya riga. Kamata ya yi ya cika mako 8 tare da uwarsa. Banda nono, akwai karatun da yake yi a can: idan ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya daina wasa da shi, a haka yake koyon sassauta haƙori. Wanda aka raba da 'yan'uwansa da wuri, a hannun yaran gida zai yi wannan karatu.

Masana biyu a Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekara 13 suna renon ɗaruruwan kwiyakwiyai a Bar Harbor ta jihar Maine, suka buga sakamakon a 1965. Cikin iri biyar da suka yi aiki da su har da basenji, karen farauta na ƙasar Kwango, mai tsayayyun kunnuwa da naɗaɗɗiyar jela, wanda duk ɗan ƙauye zai gan shi kamar ɗan'uwan namu. Sun gano cewa tsakanin mako 3 da mako 12 akwai wata ƙofa da ke buɗe a zuciyar kwikwiyo: abin da ya saba da shi a lokacin, mutum ne ko akuya ko kaza ko ƙarar babur, zai ɗauke shi na gida har ya mutu. Kwiyakwiyan da aka hana su ganin mutum har mako 14 kuwa sun tashi da tsoro kamar namun daji, kuma gyaransu ya yi wuya. Makiyayi ya daɗe da sanin rabin wannan magana, shi ya sa yake barin kwikwiyo ya tashi cikin garke. Rabin da ba mu riƙe ba shi ne abin da ya shafi karen gadi. Wasu kan ɗaure kwikwiyo a ɗaki mai duhu, su hana shi ganin mutane, su doke shi, har su zuba masa barkono a abinci, wai don ya yi zafi. Abin da suke samu matsoracin kare ne, matsoraci kuma ba ya bambance ɓarawo da yarinyar da aka aiko ɗebo wuta. Aikin karen gadi ya ji motsi ya yi haushi ya tashi masu gida, wannan kuwa karen da ya saba da mutane yana yin sa ba tare da an koya masa ba.

Kare ba ya cizo sai ya yi gargaɗi, sai dai mu ne ba mu koya wa yara harshensa ba. Idan ya sandare, ya kwantar da kunnuwa baya, ya cusa jela tsakanin ƙafafu, ya kawar da kai yana kallo ta gefen ido, yana roƙon a ba shi wuri ne. Gurnani shi ne gargaɗi na ƙarshe, kuma wanda ya doki kwikwiyo saboda gurnani ya koya masa ya daina gargaɗi ke nan. A hana yaro taɓa kare yana ci, ko yana barci, ko karya na shayarwa. Idan baƙon kare ya taso, yaro ya tsaya cak, hannuwa a jiki, ido a ƙasa. Gudu ne ke tayar da mafaraucin da ke cikin kowane kare. Tsakanin wata 3 da wata 7 kwikwiyo na fidda haƙoran nono 28 ya sake da na girma 42, dasashinsa na ƙaiƙayi, zai tauna takalmi da tabarma da duk abin da ya samu. A ba shi abin tauna, a janye hannu. Wasan cusa yatsa a baki shi ne ya fi dacewa a hana tun ranar farko.

Akwai wata cutar da ba ta da tsoratarwa irin ta hauka, amma ta fi ta yawa. Kusan kowane kwikwiyo ana haifarsa da tsutsar ciki, domin tana ratsa mahaifa ta shige shi tun yana cikin uwarsa. Ita ce ke sa ka ga cikinsa ya kumbura, gashinsa ya yi buzu-buzu, haƙarƙari a waje. Ƙwanta na fita da kashi ya zauna a ƙasar tsakar gida, ƙasar da jariri ke rarrafe a kai yana kai hannu baki, kuma idan ya shiga cikin yaro tsutsar kan yi yawo har hanta, wani lokaci har ido. Sa'ar da aka yi ita ce ƙwan ba ya iya kama mutum sai ya yi mako biyu ko fiye a ƙasa. Matar da ke share kashin kwikwiyo kullum ta binne shi ta riga ta yanke wannan hanya. Maganin tsutsa kuma ana fara ba shi tun yana mako 2, a maimaita kowane mako biyu har ya kai wata 3, da awon da malamin dabbobi ya faɗa.

Idan kuwa kwikwiyo ya kama amai da gudawar jini mai tsananin wari, ya kwanta ya ƙi ci, to da alama cutar fabo ce, wadda ta ɓulla a duniya a 1978 ta game ƙasashe cikin ɗan lokaci. Ba ta kama mutum, amma tana kashe kwiyakwiyai cikin kwanaki, kuma ƙwayarta na zama watanni a ƙasa tana jiran wanda za a kawo a madadin wanda ya mutu. Allurar haɗaka da ake farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita har mako 16, ita ke tare ta. Kaska da ƙuma da ƙazuwa kuwa suna da maganinsu na dabbobi. Fiya-fiya da maganin feshin auduga da baƙin mai da ake shafa wa kwikwiyo guba ne gare shi, guba ne kuma ga yaron da zai rungume shi bayan an shafa. Haka magungunan ciwon jiki na mutane. Abin da ke sauƙaƙa wa babba ciwon baya kan iya lalata wa kwikwiyo ciki da ƙoda.

Allurar hauka ana yin ta idan ya cika wata 3, a sabunta kowace shekara. A lokacin gangami kuwa, ko bai kai ba a miƙa shi, domin kwikwiyo na kamuwa kamar babban kare, kuma ya fi shi haɗari ta fuska guda: babu mai gudunsa. Ba kowane mahaukacin kare ke zaga gari yana cizo ba. Akwai mai shiru, wanda zai lafe a lungu, haɓarsa ta saki, dalala na zuba, muryarsa ta sauya, yana kakari kamar ƙashi ya maƙale masa a maƙogwaro. Mai tausayi sai ya zura hannu zai ciro ƙashin. Kada a yi. Duk kwikwiyon da halinsa ya juya cikin kwana ɗaya ko biyu, mai wasa ya zama mai faɗa, ko ya kama cizon itace da dutse da igiyarsa, a rufe shi inda ba zai kai ga kowa ba, a nemo malamin dabbobi.

Duk wannan ya ƙara nauyi a shekarun nan. Bayan sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba, 2020, duniya ta san sunan garin, amma mutanen ƙananan hukumomin nan uku sun riga sun daɗe cikin halin. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Matakan tsaro ne, an kuma janye su daga baya, amma sun nuna yadda tazara ke iya ninkuwa cikin dare ɗaya. Uwar da kare ya ciji ɗanta da almuru a wani ƙauyen Sabuwa dole ta auna hanya, ta auna dare, ta auna kuɗin mota zuwa Funtuwa, sannan ta auna kuɗin allurar da ba sau ɗaya ake yin ta ba. Ga shi kuma an fi bukatar kare yanzu fiye da da, domin shi ke jin tafiyar dare kafin mutum. Idan ƙauye ya tashi kuwa, ana kora akuya a ɗauki kaji, kare ake bari, ya koma yawo yana haɗuwa da wasu karnukan da namun daji, ya haifi 'ya'ya a kango, wani yaro ya tsinta. Kwikwiyon da ba a san uwarsa ba, ba abin ɗauka ba ne, komai kyansa. Karnuka na kuma yin doguwar tafiya a mota: daga jihohin arewa da maƙwabtan ƙasashe ake tara su zuwa kasuwar Dawaki a jihar Filato, kuma binciken likitocin dabbobi ya sha samun ƙwayar hauka a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka a irin waɗannan kasuwanni.

Tarihi ya nuna cewa a jikin kare ake cin wannan yaƙi. Japan ta yi dokar tilasta yi wa karnuka allura a 1950, kafin ƙarshen shekarun 1950 ciwon ya ƙare a ƙasar. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Meksiko ta daina rasa mutane ta hanyar haukan kare. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Njamena, babban birnin Cadi, mai zafi da talauci irin namu: a 2012 da 2013 an yi wa fiye da kashi 70 cikin 100 na karnukan birnin allura kyauta, ciwon ya ɗauke na tsawon watanni, sai da karnukan waje suka sake shigo da shi. Kashi 70 ɗin nan shi ne ma'aunin da masana suka tsayar, kuma kansa aka gina burin duniya na kawo ƙarshen mutuwar mutane daga haukan kare nan da 2030. Kisan karnuka bayan an yi cizo, wanda har yau shi ne abin da matasan unguwa ke fara yi, ba ya kai ga wannan ma'auni. Yana kwashe masu allura tare da marasa ita, cikin 'yan watanni kuma yara su cike gurbin da sabbin kwiyakwiyai. Karen ƙauye ba ya daɗewa a duniya, kowace shekara sabon zubi ne, shi ya sa allurar bara ba ta wadatar da garin bana.

Idan aka yi cizo, ko yagi, ko kare ya lashi wurin da fata ta fashe, aikin farko a gida yake. A wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwarara ana cuɗawa, har minti 15 cur, da agogo. Sabulun wanki ma ya isa, domin yana narkar da ɓawon ƙwayar cutar. Idan akwai aidin ko sifirit a zuba. Kada a cusa toka ko barkono ko ganye, kada a ɗaure wurin tamau. Daga nan a nufi babban asibiti mafi kusa a ranar, ko da asubahin gobe idan hanya ba ta biyuwa. Allurar mutum ana yin ta ranar farko, da rana ta 3, da rana ta 7, wani tsarin kuma da ƙari a mako na biyu zuwa na huɗu. Wanda ya yi ɗaya ya tsaya bai gama ba. Ga cizo mai zurfi akwai wata allurar garkuwa ta gaggawa da ake tsirawa a bakin raunin, a tambayi likita ita, a kuma tuna masa da ta titanus. Mai ciki da mai shayarwa da jariri duk ana yi musu. Wanda aka ciza makonni da suka wuce bai je ba, ya je yanzu, muddin alamomi ba su fito ba.

Karen kuwa, idan na gida ne kuma ana iya rufe shi ba tare da wani ya sake shiga haɗari ba, a rufe shi kwana 10 ana ba shi ci da sha daga nesa. Karen da ke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizo ba ya cika wannan wa'adi lafiya. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura. Ana farawa ne, idan karen ya fita garau likita ya yanke shawarar tsayawa. Idan ya mutu ko an kashe shi, kada a taɓa gawar da hannu tsirara, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, domin da ƙwaƙwalwarsa ake tabbatar da cutar a ɗakin gwaji irin na Vom ko na Zariya, kuma sakamakon ya shafi duk yaron da ya yi wasa da shi da duk akuyar da ya ciza. A riƙa tambayar yara kai-tsaye cikin lallashi, domin da yawa kan ɓoye cizo don tsoron duka ko tsoron a kashe musu kwikwiyo.

Ranar 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu a 1895, ita ce Ranar Yaƙi da Haukan Kare ta Duniya tun 2007, kuma a kusa da ita ne hukumomi da ƙungiyoyin likitocin dabbobi suka fi fitowa da allurar karnuka kyauta. Mai unguwa ko sarkin baka da ya tara karnukan garinsu rana guda ya sauƙaƙa wa malamin dabbobi zuwa, domin kwalbar allura sai da sanyi take tafiya, kuma ba a son ta yini a hanya saboda kare ɗaya. Yaran da suka kawo kwiyakwiyan gida su ne za su iya riƙe su a layi. Idan aka yi, a karɓi kati mai kwanan wata, a ajiye shi a jakar da ake ajiye katin rigakafin yara, domin ranar da aka je asibiti da yatsa mai jini, tambayar farko da ma'aikacin lafiya zai yi ita ce karen waye, ta biyu kuma yaushe aka yi masa allura.